Arzika da Doguwar Dabino

A gidan su Arzika dokar guda ce tun kakanni: wanda yake iya hawa dabino shi ke riƙe da garkar gado ta bayan Dutse. In fure ya fito, sai an hau an ɗaura reshen furen namiji a cikin na mace, in ba haka ba 'ya'yan su tashi a banza. Arzika ya fi kowa iya wannan aure na dabino, kafin ya buɗe shagon siminti ya zauna, tumbi ya zo ya zauna tare da shi.

Bara da ya kasa hawa, yayansa Gwadabe ya ɗauko hayar mutum ya yi aikin, sannan ya ce masa, "Baɗi in ba ka hau ba, zan ba surukina riƙon garkar."

Abin ya yi wa Arzika zafi. Ya sayo wani shayin rage ƙiba da ake talla a waya, ya bar tuwo, ya bar fura, sai ruwan lemon tsami da kokwamba. Kullum yana hanyar bayi, amma murna yake, wai wando ya fara sako-sako. Rannan ya je gwajin hawa dabino, yana gaɓa ta biyar jiri ya kwashe shi, ya sulalo ya kwaye fatar ƙirji.

Rabi'atu matarsa ta shafa masa magani tana faɗa. "Baban Hadiyya, jaki ma ba a hana shi ci a ce ya ɗau kaya. Ka ci tuwonka, malmala ɗaya maimakon uku. Lemon kwalba da tsiren kowace yamma ne za ka rabu da su."

Ya yi tsaki, amma ya bi. Kwaɗon zogale, wake, fura ba sukari, shago kuma da ƙafa. Abin haushi, saurin shayi babu shi a nan. Wata da watanni tumbin yana ja da baya kamar mai jin kunya.

Da fure ya sake fitowa, gida kaf aka fito garka. Gwadabe ya nuna doguwar bishiyar da ta fi kowacce tsayi.

"Waccan."

"To, Yaya."

Arzika ya tofa yawu a tafin hannu ya kama. Ya wuce inda ya faɗo bai ko waiga ba, ƙafa tana neman gaɓa da kanta. Hadiyya 'yarsa tana tsalle tana ihu, Rabi'atu ta rufe ido da mayafi tana leƙe. Sai ga shi cikin ganye, zuciya na duka, duwatsun gari duk a ƙasansa. Daɗi ya kusa sa shi kuka.

Ya kai hannu ƙugu zai zaro furen namijin. Wayam.

"Baba! Ga shi nan ka bari a kan tabarma!"

Garka ta kece da dariya. Gwadabe ya ɗaga murya, a karon farko da tausayi: "Bari, ya isa, na gani. Gobe ka ƙarasa."

Arzika ya sauko, gumi na zuba. Ya karɓi reshen daga hannun Hadiyya, ya soke a ƙugu, ya sake kama gindin dabinon.

"Yaya, matsa kaɗan, ka tsaya mini a hanya."