Kunnen da Auta ta bar wa Baba

Tun da Auta ta gama karatu take neman wanda zai ɗauke ta aiki don ta saurari waƙa ta rubuta abin da ta ji. A gidansu ba wanda ya yarda cewa wannan sana'a ce. Yayarta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, takan ce, "To ni ma ai ina jin waƙa, kuma bakina ba ya shiru. Me ya sa ba a taɓa ɗaukata ba?" Auta sai ta ci gaba da sauraron waƙarta. Ta riga ta aika takardunta gidajen rediyo da na jaridu har ta daina tuna wanda ta aika wa da wanda ba ta aika wa ba. Wasu suka ce za su neme ta, wasu ko wannan ƙaryar ba su iya yi mata ba.

Kafin a neme ta ɗin, ta buɗe shafi a intanet tana zuba sharhinta. Masu karantawa ba su taka kara sun karya ba: Yaya, da wata ƙawarta ta makaranta, da wani mai sayar da takalma da ke manna tallarsa a ƙarƙashin duk abin da ta rubuta. Amma Auta tana da ra'ayi guda da take ji da shi kamar ita ta haife shi, wato mawaƙan yanzu suna barin rami a tsakiyar waƙa. Mawaƙi zai yi baiti, sai ya yi tsit, kiɗan ya rame, a bar mutum yana jiran abin da ba zai zo ba. Ta rasa gane yadda jama'a ke rububin irin waɗannan waƙoƙi. Wani lokaci ta ce mutane ne ba su da kunne, wani lokaci kuma, idan ta zauna ita kaɗai, ta fara zargin kanta.

Wurin aikinta kujerar roba ce a bakin ƙofar ɗakin Baba. Tun da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki muryarsa ta koma ciki, idan ya ce "Auta" sai ka ɗauka numfashi ya ja. Yaya tana fita da sassafe, don haka Auta ce mai ruwa, mai magani, mai gyara matashi. Ƙarar waya kuma tana sa masa ciwon kai. Shi ya sa take jin waƙa da iyafis, abin sauraron nan da ake sawa a kunne, ta toshe kunnen dama, ta bar na hagu yana reto a ƙirjinta saboda kiran Baba. Ta saba har ba ta san tana yi ba.

Ran nan da hantsi, tana matse tsumman goge wa Baba fuska, sai waya ta yi ƙara. Editan wata jaridar intanet ne, mutum mai magana kamar ana korarsa. Ya ce suna neman mutum ɗaya a sashen kiɗa da waƙa, kuma ba ita kaɗai suke gwadawa ba. Zai turo mata sabuwar waƙar wani mawaƙi da ake yayi, ta yi sharhi ta kawo da kanta.

"Kar ki kawo mini yabo," in ji shi. "Yabo ya ishe ni. Kunne nake nema."

Kunne? Ai an zo wurin. Auta ta saurari waƙar har ta haddace ta, kuma ga ramin nan, ƙato, ya fi na kullum. Duk ƙarshen baiti mawaƙin sai ya yi shiru, ganga kaɗai ta rage tana dukan kanta. Ta rubuta cewa waƙar kamar ɗaki ce da masu haya suka kwashe kayansu suka bar ƙusa a bango. Jimlar ta burge ta sosai, har ta karanta wa Yaya, Yaya ta ce ita dai a goge takalmi kafin a je.

Ofishin jaridar hawa na biyu ne, a saman wani shagon gyaran firji. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebura a jere, fanka tana juyawa tana kaɗa takardun da aka danne da kofuna. Editan ya karɓi rubutun a tsaye. Ya karanta, ya zauna, ya sake karantawa, sannan ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Wace waƙa kika ji?"

"Wadda ka turo, Yallaɓai."

"A'a. Wadda na turo ban san ta da rami ba. Sarewar fa? Garin nan kaf maganar sarewar ake yi, ke ko ambatonta ba ki yi ba. Raini ne, ko salo ne?"

"Wace sarewa?"

Ya danna kwamfuta. Waƙar ta fito daga sifiku biyu da ke gefe da gefen teburinsa. Mawaƙin ya kai ƙarshen baiti, ya yi shirun da Auta ta sani, sai wata sarewa ta taso daga sifikar hagu ta amsa masa, siririya, tana lanƙwasa kamar mai lallashi. Auta ta waiga bayanta, don da farko ta ɗauka wani ne ke busawa a cikin ofishin. Kanta ya ɗaure tam. Ta ce lallai waƙar iri biyu ce, an turo mata wadda ba a gama ba. Har ta fara tunanin ko cikin masu neman aikin ne wani ya yi mata ƙafar ungulu.

"Kunna taki mu ji," in ji editan.

Ta ciro waya, ta warware iyafis, ta sa na dama, ta saki na hagu a ƙirjinta. Editan ya nuna shi da biro.

"Wannan fa, ajiya kika ba shi?"

Ya yi mata bayani a gurguje, irin na wanda ya gaji da bayani. Masu haɗa sauti a situdiyo sukan raba kayan kiɗa, wasu su tura su kunnen dama, wasu na hagu, don mai sauraro ya ji kamar yana tsakiyar makaɗan. Wanda ya toshe kunne ɗaya rabin waƙa ya ji. Auta ta tsaya da waya a hannu, tana tuno duk mawaƙan da ta caccaka a shafinta, bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Kunya ta rufe ta har wuya. Wata mai buga rubutu a tebur na kusa ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

Editan ma ya dara, amma bai miƙo mata takardarta ba. Ya ce rubutun da kansa yana da rai, jimlar ƙusar nan ma ta yi, sai dai an rataye ta a ɗakin da ba nata ba. Ta je ta ji waƙar da kunnuwan da Allah ya ba ta duka biyu, ta turo sabon sharhi kafin a tashi aiki yau. In ya wuce haka, zai ba wani.

A mota ta rasa abin da ya fi damunta, kunyar ko lissafin gida. Yaya ba za ta dawo ba sai bayan an tashi aiki, maƙwabciyar da ta zauna da Baba kuma tana ganin Auta ta dawo ta ɗauki mayafinta ta tafi ɗauko yara. Baba ya tambaye ta da ido. Ta zauna a bakin gado ta ba shi labari, tana yi tana haɗa farko da ƙarshe. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, alamar dariya.

"Sa biyun," ya ce a hankali.

"In ka kira fa, Baba?"

"Je ki."

Ta ba shi magani, ta cika kofinsa ta ajiye a kan durowa, ta koma kujerarta. Ta sa na dama, ta sa na hagu, sai ta ji gidan ya ɓace, ta fizge shi ta kasa kunne ko Baba na kira. Shiru. Ta mayar, ta sake cirewa. A karo na gaba sarewar ta riga hannunta, ta shigo ta amsa wa mawaƙin, sai Auta ta gane cewa shirun nan da ta zaga, wuri ne mawaƙin ya matsa ya ba abokin hirarsa. Ta sake kunna waƙar daga farko. Ta nemo wata tsohuwa da ta taɓa yi wa kaca-kaca, ta tarar da jita zaune a cikin ramin, ta nemo wata ta tarar da 'yan amshi. Daɗi da haushi suka haɗu suka kama ta. Ta fara rubutu, kuma tunda take ba ta taɓa jin rubutu yana zuwa da kansa haka ba.

Da ta ɗiga aya ta ƙarshe ta cire iyafis, rana ta riga ta sauka daga tagar falo. Ta miƙe da sauri ta leƙa ɗakin.

Kofin yana ƙasa, ya gangara ƙarƙashin gado. Ruwan ya jiƙa zanin gado da hannun rigar Baba har kafaɗa, ga alama ya miƙa hannunsa mai lafiya ne bai kai ba. Gefen zanin har ya fara bushewa, leɓunansa kuma sun yi fari. Yana kwance yana kallon rufi abinsa.

"Baba! Don Allah me ya hana ka kira ni?"

Ta ɗebo ruwa, ta tallafo kansa, ya sha a hankali har ya ƙoshi. Ta shiga ɓalle masa maɓallan rigar. Sai da ya huta sannan ya tattaro muryarsa.

"Na kira," ya ce. "Da na ji ba ki amsa ba, sai na ji daɗi."

Auta ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Hawaye ya zubo mata, ba ta san na wanne ba ne a ciki.

"Akwai sarewar?" in ji Baba.

"Akwai, Baba."

"To tura musu, kar su tashi."