Tambayar da Lauratu Ta Yi wa Inna Kyauta

"Ba za a kai uwata bayan coci ba!" in ji Mamuda.

"To, ba za a yi mata salla ba," ƙanensa Tanimu ya mayar masa. "Yaushe ka taɓa ganin ta kalli gabas?"

Larai na tsugune a bakin ɗaki tana dama wa maƙwabciyarta Inna Kyauta kunu, tana jin su ta bayan danga. Inna Kyauta na kwance a gadon kara da sauran numfashinta, amma 'ya'yanta biyu har sun fara rabon gawarta. Babban ya musulunta, ƙaramin ya bi mishan, ita kuwa tsohuwar ta zauna a kan al'adar iyayenta Maguzawa. Duk Tafoki an san in ta cika a haka, waɗannan biyun ba za su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba. Abin da ke cin Larai ke nan, don tsohuwar nan ce ta yanke wa duk 'ya'yan Larai cibi.

Ana haka sai ga ƙararrawar keke. Lauratu ce, ɗiyar Larai, ta taso daga Faskari. Shekarun da man fetur ya buɗe wa gwamnati hannu, aka yi ta neman 'yan matan da suka gama firamare, ita ma aka kai ta Kaduna kwas ɗin aikin jin daɗin jama'a. Larai ba ta taɓa gane kan aikin ba. Ba allura, ba magani, sai zama gidajen mutane ana sauraronsu.

Lauratu ta jingine keke, ta durƙusa ta gai da mazan. "Kawu, don Allah ku shigo ciki."

Suka shigo suna hararar juna. Ta zauna a ƙasa daidai kan tsohuwar.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kina ji na?"

"Ina jin ki, 'yar boko mai ƙafar keke."

"Kaka, in lokaci ya yi, ina kike so a kwantar da ke?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Larai. Wa ke tambayar mai rai kabarinsa?

"Ke Lauratu! Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Abin da aka koya maki a Kaduna ke nan?"

"Shi ne, Inna. An ce mai abu ake fara tambaya."

Inna Kyauta ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ƙyale ta, Larai. Kwana da kwanaki ina jin su kamar zakaru, ba wanda ya leƙo ya ce, Inna, ke fa?" Ta numfasa. "Gindin ɗorawa, bakin gona, kusa da ubanku Rabo. Mamuda, ka fi ƙarfi, kai za ka gina ramin. Tanimu ya rufe. Kowa ya yi roƙonsa a ransa, Allah ba kurma ba ne. Larai ta wanke ni, ita ta san inda bayana ke ciwo."

Mamuda ya share ido da bakin riga.

"Ƙasar wurin nan da tauri," ya ce. "Sai da diga."

"Akwai tawa, Yaya," in ji Tanimu.

Ranar tsohuwar ta shanye kununta tas, har ta ce tsamiya ta yi kaɗan. Ba ta kai ranar kasuwa ta gaba ba. Wata rana da la'asar ta cika, hannunta cikin na Larai. Larai ta yi kuka sosai, amma ƙirjinta sakayau, kamar wadda aka sauke wa dami.

Da aka gama rufewa mutane suka watse, ta kamo hanyar gida, Lauratu na tura keke a gefenta. Sai ta waiwaya. Diga da shebur na jingine a jikin ɗorawa. 'Yan'uwan biyu na zaune a inuwa, ƙafafunsu duk jar ƙasa, Mamuda ya sha ruwa a ƙwarya, ya miƙa wa ƙanensa.