Minti Goman Koci Stroud

Da Vernon Tillery ya san abin da yatsunsa za su jawo a safiyar wannan Asabar, da ya soka hannuwansa cikin aljihu ya bar su can har rana ta faɗi. Amma shi mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Shekara ashirin da biyu yana haɗa kujeru a masana'antar katako ta garin Bellwater, kuma ko a gida in ƙofa ta yi ƙara sai ya bar abinci ya tashi ya ɗiga mata mai.

Ranar ce wasan ƙarshe na cin kofin yankinsu, a wani gari mai nisan awa biyu a mota. Ranar ce kuma Koci Harlan Stroud zai ajiye usur, bayan shekara talatin da takwas yana horar da 'yan ƙwallon kwando na kwalejin garin. Ɗan Vernon, Lamont, shi ya fi kowa cin maki a ƙungiyar, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan. An ce wani mai neman 'yan wasa daga wata ƙungiya ta ƙasar Sifen zai zo takanas don ya gan shi. In mutumin bai ɗauke shi ba, masana'antar katako ce ke jiransa. Sati guda wannan tunani yana hana Vernon sakewa.

Lamont ya kwana a gida saboda girkin uwarsa. Yana banɗaki yana wanka, agogonsa na kan teburin kicin kusa da kwanon faten masara da soyayyen ƙwai, sai rediyo ta ce ƙarfe bakwai da rabi. Vernon ya duba agogon yaron, ya ga takwas saura ashirin. Ya girgiza kai, ya zaro ɗan makunnin, ya mayar da allurar baya minti goma cif, ya ajiye shi inda ya same shi. Har wani daɗi ya ji a ransa.

Tara saura biyar suka shiga harabar kwaleji. Babu bas ɗin ƙungiyar, babu kowa, sai tabon baƙin mai a inda motar ta saba tsayawa. Lamont ya dubi agogonsa, ya dubi agogon da ke jikin hasumiyar makaranta, ya ga sun zo ɗaya. Ya juyo a hankali.

"Baba, ka taɓa agogona?"

"Gudu yake yi, ɗana. Minti goma. Na gyara maka."

"Ba gudu yake ba." Muryar yaron ta yi ƙasa. "Lokacin Koci ne."

Vernon ya sha jin ana cewa lokacin Stroud a shagon aski, ya ɗauka barkwanci ne kawai. Ashe duk wanda ya shiga ƙungiyar, a ranarsa ta farko Koci da kansa yake karɓar agogonsa ya tura shi gaba da minti goma. Tara ɗin Koci tara saura goma ce. Bas ba ta jiran kowa, kuma wanda ta bari ba ya taka fili a ranar.

Awa biyu Vernon yana tuƙi, gumi na jiƙa masa sitiyari. Lamont ya juya fuska ga taga har suka isa. Da zagi ya yi ma da ya fi sauƙi.

A lungun da ke kaiwa ɗakin sauya kaya Vernon ya tare Koci. Bai taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne, kansa bai kai kafaɗar Lamont ba, yana sanye da tsohon kwat mai ruwan toka da ya goge a gwiwar hannu. Vernon ya cire hula ya faɗi komai, har da rediyon, har da daɗin da ya ji.

"Laifina ne, yallaɓai. Ni za ka hukunta. Yaron nan shekara huɗu bai taɓa makara ba."

"Na sani," in ji Koci. "Ni nake ƙirga su a bakin mota. Na kuma yarda da kai, Mista Tillery. Amma a hannun wa agogon yake?"

"Yallaɓai, mutumin Sifen yana ciki. Kuma wasanka na ƙarshe ne. In babu Lamont..."

"Za mu sha wuya." Tsohon ya ɗan murmusa. "Na taɓa barin shugaban kwaleji a can inda bas take tsayawa, da jakarsa da laimarsa. Yara goma sha ɗaya sun zo kan lokaci yau. Me zan gaya musu?"

Ya dafa kafaɗar Vernon ya wuce.

Zauren wasan ya cika har bakin ƙofa. Vernon ya samu wuri a bayan bencin ƙungiyar, cikin wasu dattawa dogaye da suka cika sahu shida, wasu da furfura, wasu da sanda. Daga nan yana hango Lamont a ƙarshen benci cikin rigar ɗumama jiki, yana kuma hango baƙon Sifen can gefe da ɗan littafi a cinya.

Wani ƙaton mutum mai sanƙo da ke kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. "Kai ne uban mai lamba goma sha huɗu? Me ya yi?"

"Bas ta bar shi."

Mutumin ya fashe da dariya, ya juya baya. "Kai, Alƙali! Ga wani ya shigo jam'iyyarku!"

Wani siririn dattijo mai tabarau ya leƙo. "Rufe mana baki, Dewey. Ni tafiya na yi da mutuncina. Kai ne ka bi motar da gudu da takalmi ɗaya kana kuka."

"Ƙanƙara ce ta shiga idona!"

Vernon bai iya dariya ba. Aka tafi hutun rabin lokaci ana bin su maki tara. Ya ga baƙon Sifen ya rufe littafinsa yana hamma. Don ya samu abin faɗa, ya tambayi Dewey ƙarfe nawa. Dewey ya miƙo hannu: uku da minti goma. Vernon ya ɗaga kai ya dubi babban agogon bango: uku daidai. Ya dubi hannun Alƙalin: uku da minti goma. Sai ya shiga bin hannuwan da ke kan gwiwoyi da ido, sahu bayan sahu. Akwai agogon zinariya, akwai na roba mai arha, akwai wanda gilashinsa ya tsage. Dukkansu uku da minti goma.

Ya juyo ga Dewey.

"Shekara nawa da barinka makaranta?" ya tambaya.

"Ashirin da shida," in ji Dewey. "Babbar mota nake ja yanzu. Matata ta gaji da yi mini magana a kan agogon nan. Duk nan da ka gani yaran Koci ne. Wancan likita ne, wancan fasto, wancan ya yi zaman kurkuku ya fito, Koci ne ya je ya ɗauko shi a bakin ƙofa. Mutumin ya ce da aka buɗe masa ƙofa, Koci ya riga ya yi minti goma yana tsaye."

Saura minti biyu a tashi, bambancin ya dawo maki uku. Zauren ya ɗauki sunan Lamont, ana buga ƙafa har benci na rawa. Vernon ma ya tsinci kansa a tsaye yana ihu. Sahu shidan nan kuwa ba wanda ya buɗe baki. Koci yana durƙushe a gefen fili, bai ko waiwayi ƙarshen benci ba. Lamont ne ya miƙe, ya ɗaga hannuwa biyu ya roƙi jama'a su yi shiru, sannan ya kai wa wanda ke wasa a gurbinsa tawul.

Ƙwallon ƙarshe ta zagaya bakin kwando ta faɗo waje. Aka cinye su da maki biyu. Abokan hamayya suka kawo tsani suka hau yanke raga, kamar yadda masu kofi ke yi. Koci ya tsaya ya tafa musu har suka sauko. Sannan dattawan nan suka gangara fili ɗaya bayan ɗaya suka kewaye shi, yana kiran kowa da sunansa da sunan uwarsa.

Da jama'a suka ragu, Vernon ya hango Koci ya ja baƙon Sifen gefe. Sun daɗe suna magana. Sau ɗaya tsohon ya nuna Lamont, sau ɗaya ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa da yatsa. Baƙon ya buɗe littafinsa ya rubuta wani abu gajere, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

A mota Lamont ya cire agogonsa ya miƙa wa uban. "Mayar mini da shi yadda yake, Baba. Kai ka fi ni iya wannan aikin."

Vernon ya tura allurar gaba minti goma. Ya tura nasa ma.

Yau sati uku ke nan. Abin da Koci ya gaya wa baƙon, da abin da baƙon ya rubuta, Vernon bai sani ba. Wayar gidan ba ta yi ƙara daga Sifen ba tukuna, kuma babu wanda ya san ko za ta yi.