Ya Yi, Madam?

Tana tsaye a bakin ofis da riga a hannu, sai Madam, shugabar sashen ɗinki, ta ce ta shigo ta turo ƙofar. Ba zuwanta na farko ba ne a safiyar. Wuyan rigar ta kawo a duba mata, duk da ita kanta ta ga ɗinkin ya miƙe samɓal. A kamfanin ba mai kiranta da sunanta. Ya-Yi ake ce mata, saboda ba ta ajiye aiki sai ta ɗaga shi sama ta tambayi na kusa da ita ko ya yi. Har mai shara ta taɓa tambaya.

Madam ba ta karɓi rigar ba. Ta sa ta zauna, sannan ta gaya mata cewa muƙamin mai duba aiki, wanda kowa ya ɗauka nata ne, an bai wa abokiyar aikinta Doguwa. Ta ce a duk sashen ba mai hannu irin nata, wannan ko manaja ya sani.

"To amma yaya zan ɗora ki ki duba na wasu, ke naki ma sai an duba miki? Kin gajiyar da ni, ƙanwata. Idan na yi shiru, ai ya yi ke nan."

Ya-Yi ta gyaɗa kai. Ta jira ta ji zafin maganar, bai zo ba. Wani guntun zare kawai take kallo, maƙale a hannun kujerar Madam. Ta yi godiya ta fita.

Kekunan ɗinki na ta ruri. Doguwa ta zo ta dafa ta, ta ce daga yau ta tambaye ta iya son ranta, dama don haka za a riƙa biyanta. Aka yi dariya. Ita ma ta yi, amma bayan kowa ya gama. Duk rigar da ta ɗinka, hannunta da kansa yake ɗagawa, sai ta maido shi ta jefa rigar a kwando. Ba wanda ya ce komai har aka tashi.

A gida ta tarar da Inna, matar kawunta, kwance yadda maƙwabciya ta bar ta. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yan da ta haifa kowa ya ce ɗakinsa ya yi kaɗan, sai Ya-Yi ta ɗauko ta. A hannun Inna ta tashi bayan rasuwar mahaifinta, a gidan da tukunya ba ta isar kowa. 'Ya'yan gida ake fara zuba wa. Ita kuwa sai ta gama shara da wanke-wanke ta tsaya a bakin ƙofa tana karanta fuskar Inna. Idan Inna ta ce ya yi, akwai ƙanzo. Idan ta yi shiru, yarinya ta san da ruwa za ta kwana. Ba mugunta ba ce zalla, ta gane daga baya. Matar ma sau da yawa haka take kwana.

Ta dafa abinci mai ruwa-ruwa, ta jingina tsohuwar da filo, ta riƙa ba ta da cokali tana goge mata gefen baki. Fuskar yanzu ba abin karantawa a cikinta, rabinta ya zube.

Da kwanon ya kusa ƙarewa, Inna ta kamo tsintsiyar hannunta da hannun da ke motsi. Harshenta ya yi nauyi, sai da ta yi ta kokawa da kalmomin.

"Ke… kin fi su duka. Tun kina ƙarama… komai naki daidai ne. Ni ce ban faɗa ba."

Ya-Yi ta zuba mata ido. Ta san maganar nan ce take jira tun tana tsayawa a bakin ƙofa ba takalmi. Ta laluba ƙirjinta ko za ta ji wani abu ya motsa, ta same shi fayau. A waje wata mota tana ta hon.

Ta zare hannunta a hankali, ta kwashe sauran abin da ke kwanon ta kai bakin tsohuwar.

"Inna," ta ce, "gishirin bai yi yawa ba?"