Kayan Bature a Wayar Malam Sabiru

Ana gobe suna, rago na ɗaure a tsakar gida, goro da alewa sun iso, amma jaririyar Malam Sabiru tela ba ta da suna. Sunan yana cikin wayarsa, wayar kuwa ta kafe ba za ta ba shi ba.

A gidansu, tun rasuwar mahaifinsu, Yaya Ya'u ne ke zaɓa wa kowane jariri suna. Ya'u fataucin shanu yake yi can bayan Kongolam, cikin Nijar, inda ba a samun sabis sai ranar kasuwa. Ranar kasuwar ya turo saƙon murya, ya koma daji. In ka kira shi yanzu, wata mata ce za ta ba ka haƙuri da Faransanci.

Saƙon ya iso, ga shi ana gani. Amma da Sabiru ya taɓa shi sai ya yi ta juyawa, can wayar ta rubuto cewa babu sauran wuri, a goge wani abu.

"Malam, ka goge hotunan nan mana," in ji matarsa Laraba daga bakin gado, kwanon kunun kanwa a hannunta. "Furanni ne fa kawai da masallatai."

"Kin duba abin da ke rubuce a kansu? Sunan Allah ne, da ayoyi, da salati. In danna hoton kwandon shara a kan aya? Ba da yatsana ba."

Sabiru irin mutanen nan ne da in suka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai sun ɗauka sun soke a jikin katanga. Shi kuma Bature, taubashinsa mai sayar da kayan babur a kasuwar Daura, shekara da shekaru yana turo masa Barka da Juma'a. Da abin ya yi masa daɗi sai ya ƙara da barka da asuba, da barka da shan ruwa ko ba azumi. Sabiru bai taɓa goge ko ɗaya ba.

Ya fara da nasa. Ya goge samfurin ɗinkin da masu kaya suka turo. Ya goge hotonsa na Sallar bara, wanda shi kaɗai ne tumbinsa bai fito a ciki ba. Ya sake taɓa saƙon. Babu wuri.

"To ka zaɓa mata da kanka," in ji Laraba.

"In tsallake Yaya yana raye?"

"Shi ke nan. Gobe liman ya raɗa mata Barka da Juma'a, tunda shi ke gare mu da yawa."

Sabiru ya miƙe. Ya sa hula, ya tayar da babur.

Ya tarar da Bature a bakin shago yana cin gyaɗa.

"A'a, angon ƙarni! Da furfurarka ba ka jin kunya?"

"Kayanka na kawo maka."

"Wane kaya?"

"Duk abin da ka turo mini. Buɗe wayarka ka karɓa."

Da Bature ya gane zancen, sai da dariya ta sa gyaɗa ta sarƙe shi. "Kai Sabiru! Ni ma fa turo mini ake yi. Kowace Asabar nake share nawa."

Sabiru ya dube shi yadda ake duban wanda ya yi salla ba alwala. "Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Ni daga hannunka na karɓa, hannunka zan mayar."

Haka suka zauna a benci, waya kusa da waya, furanni da masallatai suna komawa gida. Aka kira azahar, suka je suka dawo, ana nan ana turawa. Mai neman fulogi ya zo ya gaji ya tafi. Bature ya roƙa, ya yi zagi, ya ce wayarsa ta yi zafi kamar dutsen guga. Sabiru ya ce ko narkewa za ta yi sai ta karɓi na ƙarshe.

Sai bayan la'asar ya ga kowane hoto ya isa lafiya. Ya yi bisimilla. "Ka shaida, ba zubarwa na yi ba, mayarwa na yi."

Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata zai goge su. Tunda ya saye ta, yau ne ta fara yi masa magana da ladabi. Ya danna.

Da ya taɓa saƙon, muryar Ya'u ta fito, iska na kaɗawa a bayanta. Ya yi sallama. Ya tambayi gida, da mai jego, da jaririya, da aiki, da gajiya, da damina. Ya gaida maƙwabta gida-gida. Ya tsaya ya kori wani sa, ya dawo ya sake daga kan gajiya.

"Ashe gaisuwa ce ta hana saƙon shiga," in ji Bature. "Tsallake zuwa ƙarshe mana."

"Babba na magana, in tsallake?"

Can muryar ta yi ƙasa. "Sabiru, batun suna kuwa, a mayar da sunan Inna. Allah ya raya ta."

Sabiru ya cire hula ya mayar. Bature ma ya daina tauna.

Washegari Juma'a da hantsi liman ya raɗa wa yarinya Haulatu, sunan da babu ɗan gidan da zai iya kamawa da bakinsa. Kafin a gama rabon goro mata sun fara kiranta Ummi.

Wayar Sabiru ta girgiza a aljihu. Bature ne, ga shi zaune a tabarmar da ke fuskantarsa, ya sha babbar riga, ya turo fure ja da Barka da Juma'a. Sabiru ya karanta addu'ar har ƙarshe, ya ce amin, ya mayar masa da abinsa nan take.