Shanyar Baba

Likitar ta daɗe tana bayani ranar da za a sallami Baba, amma abu ɗaya tak dangina suka tsinto suka kawo gida, wai bitamin D.

Ina tsaye a wurin, don haka babu mai ba ni labari. Baba yana zaune a bakin gado, duk ya zabge. Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe ya kife a kan keken ɗinkinsa, aka buɗe ta aka sa mata wani ɗan bututun ƙarfe. Likitar ta ce shi da sigari har abada. Ta ɗaga wata ƙaramar ƙwaya ta ce ita ke hana jini daskarewa a cikin bututun, kada ya kuskura ya tsallake ko sau ɗaya. Sai da ta miƙe za ta fita ta ƙara da cewa gwaji ya nuna bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa sosai.

"Muna yawan ganin haka a masu bugun zuciya," in ji ta. "Amma ban ce shi ya kayar da shi ba. Zan rubuta masa ƙwayarsa, ya riƙa ɗan shan hantsi."

Baffa, ƙanin Baba, wanda muke kira Rediyo a bayan idonsa, ya tafa hannu. "Na faɗa! Rashin rana ne!"

Bai taɓa faɗa ba. Amma Baffa ko mota ce ta yi karo a wata unguwa, zai ce tun jiya ya hango.

Ba ƙarya ba ne Baba ba ya ganin rana. Shagonsa yana ƙarƙashin wani dogon bene, babu taga, sai ƙwan lantarki mai tsawo da fanka mai kuka. Tun ina goye yake shiga da sassafe ya fito bayan rana ta faɗi. To amma a wannan ramin ne kuma yake zuƙar sigari kara bayan kara, har masu karɓar ɗinki sukan wanke sabuwar riga kafin su sa. Wannan kowa ya manta da shi a ƙofar asibiti.

Mama ma ta rungumi maganar hannu bibbiyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gyara zama ta ce, "Wai ƙarancin bitamin ne." Ciwo ne mai tsafta, babu kunya a cikinsa, babu wanda zai kalli mijinta ya ce shi ya jawo wa kansa. Aka bar jaki ana dukan taiki, gida ya ɗauka, har maƙwabta suka fara tambayata ko bitamin ɗin ya fara hawa.

Baffa ya tsara magani. Kullum da safe, bayan na wuce makarantar da nake koyarwa, sai ya zo ya tallabi Baba su hau saman benen da muke haya, inda tankunan ruwa suke da igiyoyin shanya. A can aka kai masa kujerar roba. Ƙannena suka sa wa abin suna shanyar Baba, suna dariya. Ni ma na yi dariyar, don na ga fuskarsa ta fara washewa, yana cin abinci, yana tsokanar Mama.

Ranar wata Asabar na hau da bokitin wanki. Tun daga matakala warin sigari ya tare ni.

Baba yana kishingiɗe, ya cire riga, ƙirji a waje yana ƙyalli da gumi, sigari a bakinsa. Baffa ne ya kunna masa, ashanar tana hannunsa. Abokansu biyu suna gefe da takardar soyayyen nama, maiƙo ya huda ta ya ɓata siminti. A bayan tanki ga wani gwangwanin madara cike da guntayen sigari, ruwan sama ya jiƙa su sun kumbura, ga majina da kaki a kai, ƙudaje suna ta biki. Na dire bokitin.

"Baba, me nake gani haka?"

Ya ɓoye hannun a bayan kujera kamar ɗan firamare. "Uwata, ɗaya ce kawai."

"Ɗaya ce ta cika gwangwani?"

"Ke Malama, sassauta murya," in ji Baffa. "Nan ba aji ba ne. A fili yake sha, iska tana kwashewa. Kuma tushen ciwon ake kashewa, ga shi nan a sama." Ya nuna rana da yatsa kamar shi ya rataye ta.

Na sauko na wuce ɗakin Baba kai tsaye, na jawo ledar magunguna. Kwalbar bitamin ta kusa ƙarewa. Katin ƙaramar ƙwayar nan kuwa ko rabi ba a ɓalle ba.

Na kai wa Mama katin tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba. "Tana sa shi ƙwarnafi. Da ya ɗan bugu sai wurin ya yi baƙi. Baffanku ya ce tunda an gano asalin abin, ba sai an wahalar da shi ba."

"Kin san yana shan sigari a sama?"

Ta daɗe tana cuɗa tukunya ɗaya. "Ai ba a cikin gida ba ne."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai masa ƙwayar da ruwa har saman. Ya haɗiya a gabana yana cewa Allah ya yi mini albarka. Na ɗauki gwangwanin da leda na jefar, warin bai bar hannuna ba har washegari. Amma ni guda ce, kuma dole in je aiki. Da na fita, gida ya koma hannun masu son ganinsa yana murmushi. Ban taɓa sanin so zai iya ba ni ƙyama ba sai a kwanakin nan.

Wata rana ina tsakiyar darasi aka kira ni. A matakala Baba ya zube, suna hawa, hannunsa a kafaɗar Baffa.

Muka taru a barandar asibitin nan dai, da warin maganin goge ƙasa da kujerun ƙarfe. Likitar ta fito ta cire takunkumi. Ta ce jini ya daskare a cikin bututun ya toshe shi. Sun sake buɗewa, zai rayu in Allah ya so, amma babban ɓangare na naman zuciyar ya mutu, kuma ba ya dawowa. Keke dai ya taka na ƙarshe. Ko daga gado zuwa bayi sai an riƙe shi.

Mama ta sulale kan kujera. Ni kuwa ina tuna yadda ƙafarsa ke rawa a kan keken nan, ina tunanin mutumin da bai taɓa yarda wani ya ɗauko masa ko almakashi ba.

Baffa ya yi gyaran murya. "Likita, to shi bitamin ɗin fa? An sake aunawa?"

Ta dube shi, ta dubi takardar hannunta. "Ya dawo daidai."

"Alhamdu lillahi!" Ya juyo gare ni, fuskarsa fal annuri. "Kin ji ko, Malama? Da ba mu shanya shi ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Na dubi Mama, ina jira ta buɗe baki ko sau ɗaya a rayuwarta ta ce masa ya isa. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta gyaɗa kai.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Allah ya saka da alheri, Baffan yara."