Mai Bugun Bango

Takalmina ɗaya ya tsinke a bakin titi, ban ko tsaya ɗauka ba. Na faɗo gidan hayarmu a guje ina haki, har na yi ƙwallo da bokitin matar mai gida.

"Ke, lafiya? Biyo ki aka yi?"

"Lafiya lau! Anti Mai Tabarau fa? Tana nan?"

Tambayar banza na yi. Ina za ta? Maƙwabciyar ɗakina ce, ciwon zuciya ya kwantar da ita, tun makon jiya asibiti suka ce a mai da ta gida. Da safe da zan fita karɓo sakamakon gwajina, 'yarta ta ce min ko ruwa ba ta karɓa ba. Duk zaman da na yi a layin likita addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa in same ta da rai. Akwai maganar da ta daɗe tana bi na bashinta.

Ni mai gyaran ɗaki ce a otal. Watannin baya ina yaye zanin gado a ɗakin wani baƙo, sai na ji tsit a yatsa. Allura ce, wadda aka riga aka yi amfani da ita, da guntun jini a jikinta. Wayyo! Na shige banɗaki na kulle, ƙanjamau kawai nake gani a idona. A bayan ƙofar akwai lambar masu ba da shawara kyauta, kullum ina goge ta da tsumma ban taɓa karantawa ba. Ranar na buga.

Wata mata ta ɗauka. "Baiwar Allah, ba sai kin faɗi sunanki ba. Yi numfashi tukuna. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, kar ki matsa. Akwai maganin kariya, amma sai an fara shi kafin kwana uku, kuma yau ta fi gobe. Tashi ki tafi asibiti yanzu."

Ina cikin sharɓar kuka sai na ji wata murya ta cikin wayar: "Anti, wai ki ara mana dutsen guga!"

Autata ce! Muryar 'yar da na haifa, a wayar mutanen ƙanjamau! Ashe wayar da Anti ke wuni tana yi a ɗakinta, da muke cewa gulma ce da 'yan'uwanta, wannan aikin take yi, ba ko sisi. Na kusa sakin wayar a masai. Ita kuwa ko gezau. "Ina jin ki, baiwar Allah," ta ce.

Da yamma muka haɗu a bakin famfo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta gyara tabarau ta ce, "Maman Auta, shanyarki ta bushe tun ɗazu." Shi ke nan fa.

Maganin wata guda ne, kuma ya ba ni wuya. Tashin zuciya, jiri, na ce da maigidana ni na haƙura da maganin nan. Washegari da la'asar sai ga bugu a bangon da ya raba ɗakina da na Anti. Ƙwan! Ƙwan! Na leƙa, tana tsaye da sandarta.

"Tsaka nake kora," in ji ta. "Kullum war haka take fitowa, ba ta fashi."

War haka nake shan maganin, ni na faɗa mata ranar da na sake buga lambar. Na koma na haɗiye shi ina dariya ina hawaye. Tsakar nan ba ta yi fashi ba har na shanye ƙwayar ƙarshe.

Yau ga ni a bakin gadonta, ƙafa ɗaya duk ƙura. Ta rame, tabaran ya yi mata yawa. Na durƙusa na kama hannunta.

"Anti! Babu! Gwajin ƙarshe ne, likita ya ce babu komai a jinina! Anti, na gode, Allah Ya saka miki, ke da duk masu ɗaukar wayar nan!"

Ta buɗe ido da ƙyar. "Wace waya?"

"Haba Anti, har yau?"

"Mu ba ma sanin mai kira," ta ce a hankali, bakinta na son yin murmushi. "Amma wadda ta ɗauka, na san yau ta ji daɗi. Ta ji daɗi ƙwarai." Ta matse yatsana, shi dai wanda allurar ta soka. "Je ki nemo takalminki, ja'ira."

Dariya ta ƙwace min, 'yarta ma ta yi, ba ta san ko ta mece ce ba.

Washegari da hantsi ta cika. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba, amma na gode wa Allah da ta ji da kunnenta.

Da aka zo kwashe kayan ɗakin, ni na yi shara. Da aka janye kujerarta sai na ga wurin a jikin bangon, daidai tsayin kafaɗarta in tana zaune, inda kan sanda ya cinye fenti har siminti ya fito. Na jingina tsintsiyar, na ɗora tafin hannuna a kai. Ta ɗaya gefen ina jin Auta tana jan kujera a ɗakina.